Saniyar da Na Hana a Feɗe

Har gobe ban manta da safiyar da na kulle ƙofar kwata na jefa makulli a aljihu ba. Ku da kuka zo aikin nan daga baya kuna jin ana ce mini Sabo Saifa, ba ku san mafari ba. To ga shi.

Ni lebura ne, ƙaramin mataki. Aikina wanke dandamali da kwashe tumbi. Makaranta kuwa aji huɗu na yi na bari, na bi kawuna kiwo a wajen Udubo. Ƙa'idar kwata ita ce likitan dabbobi ya duba dabba tana tsaye, bayan yanka ya duba hanta da huhu da saifa, sannan ya buga hatimi. Naman da babu hatimi ba ya shiga kasuwar Azare.

A daminar da aka kawo mana sabuwar likita, Dokta Hadiza, ta manna takarda a bango, ta ce duk wanda ya ga abin da wata kalmar Turanci ke nufi ya sanar da ita. Muka ce ta fassara. Ta ce kalmar tana nufin baƙon abu, tana nufin abin da ya fita daban, ana faɗar ta ga mutum mai wani irin hali, har takalmin da ya rasa ɗan'uwansa. Mahauta suka yi ta dariya. Alhaji Buba, babban mahauci, ya ce, "To Dokta, fara rubuta Sabo, silifas ɗinsa ma ba iri ɗaya ba ne." Gaskiya kuwa ya faɗa.

Ranar da abin ya faru Dokta ta tafi Gadau rigakafi. Da hantsi Alhaji Buba ya iso da saniya a bayan akori-kura, an riga an yanka ta. Kun san yadda ake yi: dabba ta fara tangaɗi a hanya, a sa mata wuƙa kafin ta zama mushe. Saniya ce mai ƙiba, kowa na yabawa.

Ni jinin na kalla. Baƙi ne kamar tsohon baƙin mai, ya ƙi daskarewa, yana tsattsafowa ta hanci da ta baya. Shekara da shekaru nake wanke jini, na san yadda yake kamawa a siminti. Irin wannan sau ɗaya na taɓa gani, a rugar kawuna, kuma mutum biyu cikin waɗanda suka feɗe waccan saniyar ba su ga kakar shekarar ba.

Na ce, "Alhaji, kada a feɗe."

Ya ce, "Da wa kake?"

"Da kai, ranka ya daɗe. Ciwon saifa nake zargi."

"Mai tsintsiya ya zama likita. Sabo, matsa, rana na yi, nama zai lalace."

Ban matsa ba. Na zagaya na kulle ƙofa, na tsaya a gabanta. Ya ce zai kai ni sakatariyar ƙaramar hukuma, kafin azahar na rasa aikina. Na san zai iya, don ba ni da ikon hana kowa komai. Na ce, "Ka kai ni. Amma yau wuƙa ba za ta sake taɓa ta ba."

Na kira Dokta a waya na gaya mata. Tambaya ɗaya ta yi: "Malam Sabo, jinin ya daskare?" Na ce a'a. Ta ce kada kowa ya taɓa, ga ta nan.

Ta iso bayan azahar, ta sa safar hannu, ta ɗebi jini a kunnen saniyar ta tafi da shi. Kafin la'asar ta dawo ta ce haka ne, ciwon saifa ne. Aka haƙa rami mai zurfi a bayan gari, aka ƙona saniyar aka binne, aka yi wa motar feshi. Waɗanda suka yanka ta a hanya aka tura su asibiti. Ɗayansu ƙanen Alhaji ne, da yanka a yatsansa.

Da ta zo cike takardar rahotonta sai ta ce, "Me zan rubuta ka gani?" Na ce ta rubuta jinin bai yi kama da jini ba. Haka ta rubuta, da sunana a ƙasa.

Ba a ƙara mini girma ba, har yau tsintsiyar ce. Alhaji Buba ya yi wata biyu ba ya amsa gaisuwata. Abin da zan gaya muku shi ne, ba mai gane baƙon abu sai wanda ya gaji da kallon na kullum. Ku riƙa kallon abin da kuke wankewa.

Yanzu in Alhaji ya sauke dabba, kafin ya nemi Dokta sai ya leƙo ya ce, "Ina Saifa? Zo ka duba mini jinin nan tukuna."