Abin da Ermete Ya Gani a Ƙafar Amarya

Shekara ashirin da shida Ermete Scarpa ya yi yana gadin ɗaki ɗaya a wani ƙaramin gidan adana zane-zane a birnin Ferrara na ƙasar Italiya. Bai yi karatu mai nisa ba, aikinsa kawai ya hana mutane kai hannu. Kujerarsa na fuskantar wani tsohon zane na tatsuniyar Girkawa: mawaƙin da maciji ya kashe wa amarya, ya bi ta har lahira, aka ba shi ita da sharaɗin kada ya waiwaya sai sun fito. A zanen ya riga ya waiwaya, duhu ya fara janye ta.

Duk shekara Farfesa Tebaldi yakan kawo ɗalibansa ya ce, "Ku dubi fuskarsa. Gaggawa ce da rashin haƙuri." Ermete bai taɓa tanka masa ba.

Sai matarsa Clelia ta gamu da shanyewar ɓarin jiki. A hawa na uku suke zaune. Kullum da safe shi ke gaba, hannunta a kafaɗarsa, yana sauko da ita ta sha rana kafin ya tafi aiki.

A shekarar, da Farfesa ya maimaita maganarsa, Ermete ya miƙe.

"Ranka ya daɗe, ba gaggawa ba ce."

"To, yau mai gadi ne zai ba mu darasi?" in ji Farfesa. Ɗalibai suka yi dariya.

"Dubi ƙafarta ta hagu, inda macijin ya sara. Ba ta taka ƙasa ba. Tuntuɓe ta yi, ya ji. Wa zai ji matarsa za ta faɗi ya ƙi juyawa?"

Farfesa ya sa tabarau, ya matsa, ya daɗe a sunkuye. "A ina ka karanta wannan?"

"A matakalar gidanmu."

Da ya ba Clelia labari, ta yi dariya da rabin bakinta, ta ce, "Kai dai ka riƙa duban gabanka, tsoho, kada mu gangara tare."

Ta rasu a watan Fabrairu. Bayan jana'iza ya roƙi a ɗauke shi daga gaban zanen, a mayar da shi ƙofar shiga, inda ake ajiye riguna da lema. Can ya ƙarasa shekara biyun da suka rage masa a aiki, sannan ya koma ƙauye wurin ƙanwarsa.