Tsohon Jarumin Fim a Gayyar Baffana

Jiya ana tsaka da gayyar girbin dawa a gonar Baffana a Ƙarfi, na hango wani dattijo can baya, yana fama da magirbi, hannu duk ya yi bororo.

Da na matsa sai na gane shi. Mutumin da muka taso muna kallo yana fitowa a manomi a fim! Ya daɗe da barin harkar, littattafan labari yake rubutawa yanzu.

Na ce, "Alhaji, me ya yi zafi?"

Ya yi dariya. "Ɗana, noman fim da an kashe kyamara ya ƙare. A littafina na farko na rubuta an girbe dawa kafin gero. Wata tsohuwa da jikarta ta karanta mata ta tare ni a kasuwar Malumfashi ta ce, 'Malam, a wace ƙasar ake noma haka?' Ba za ta sake yi mini wannan tambayar ba."

Baffa ya ce ya huta, ya ƙi.

Wallahi ya burge ni. Ku faɗi gaskiya, wa za a gyara wa kuskure a tsakiyar kasuwa, ya ɗauki magirbi maimakon fushi?