Tafarnuwar Bakin Rafi

Glenys Pybus ba mace ce da ake ce wa bari ta bari ba. A garin Geeveston aka haife ta, a nan ta yi 'yanmatancinta tana jera tuffa a akwatuna, a nan ta auri Athol direban motar katako, a nan kuma ta kwashe shekaru tana girki a gidan abincin da masu saran itace ke cikawa da rana. Gajera ce kakkaura, in ta yi magana sai ka ce wani take kira daga tsallaken kogi. Ba su samu haihuwa ba. Abin da ta yi renonsa a duniya biyu ne: Athol, da lambun bayan gidanta.

A lambun nan tana da abokiyar gaba, wata ciyawa mai farin fure da warin albasa, wadda ke fitowa duk ƙarshen sanyi ta mamaye ko'ina. Kowace shekara Glenys sai ta yi mata feshin magani, kowace shekara kuma sai ta dawo.

Shekarar da Glenys ta ajiye aiki, ciwon daji ya kama Athol a maƙogwaro. Wata da watanni suna zaryar asibiti a birnin Hobart, ita ke tuƙi, shi yana gefe yana yi mata gyara da 'yar muryar da ta rage masa. Likitoci suka ƙone ciwon da na'ura, suka ce an dace. Sai dai abin da ya cinye ciwon ya tafi da ɗanɗanon bakinsa, hancinsa ma ya daina jin komai.

Babu abin da Glenys ba ta dafa ba. Romon rago, kifi, miyar kabewa, tuffa da madara. Ya kan kai cokali ɗaya baki ya ture kwanon.

"Me ka ji?"

"Kwali," in ji shi. "Jiƙaƙƙen kwali. Na jiya ma kwali ne."

"Shekara nawa maza suna layi a kan girkina, kai ne yau za ka ce min kwali?"

"To kira su su cinye."

Mutumin da a da sai ya karkata yake shiga ƙofa ya koma wandonsa na zamewa. Likita ta ce in ramar ta ci gaba, dole a sa masa robar abinci ta ciki. A mota Athol ya ce, "Sai dai su sa wa gawata." Glenys ta san shi, ba wasa yake ba. Yayarsa Dulcie, wadda ke zaune a ƙarshen layinsu, ta zo ta dube shi, ta ja Glenys gefe.

"Ki daina wahalar da kanki, Glen. Tun yana yaro in ya kafe ya kafe."

"Ni ma ai in na kafe na kafe," in ji Glenys.

Wata safiya a watan Satumba, ƙarshen sanyi a ƙasarsu, ya sake ture ƙwan da ta soya masa. Ta fita lambu, ta durƙusa, ta dinga tumɓuke ciyawar nan da hannu tana jifa da ita, har haushin ya ɗan sauka. Da ta dawo ciki ta sunkuya za ta gyara masa mayafin wuya, sai ya yamutsa fuska ya kau da kai.

"Kai! Wane irin wari ne wannan? Je ki wanke hannunki, don Allah."

Glenys ta tsaya cak. Ta mayar da hannun dab da hancinsa.

"Sake faɗa."

"Na ce kina wari, mace. Kamar an zubar da buhun albasa."

"Athol, ka ji wari."

Ya kamo hannun nata da kansa, ya shinshina, ya daɗe bai saki ba.

Ta san ana cin ciyawar. Tana yarinya ta sha ganin Italiyawan da ke aiki tare da babanta suna tsinkarta suna haɗawa da burodi, suna kiranta tafarnuwar daji, mutanen gari na yi musu dariya. Matsalar ita ce ta lambunta ta sha guba shekara da shekaru, da hannunta ta ba ta. Ta bakin titi ma ana yi mata feshi. Wuri ɗaya ta sani da babu mai zuwa: kwarin da ke bayan wata tsohuwar gonar tuffa, inda rafi ke bi.

Gangaren wurin ba na mai ciwon gwiwa ba ne, Glenys kuwa gwiwarta ta dama ta daɗe da lalacewa. Ta sa takalmin roba, ta ɗauki bokiti da sanda, ta sauka da mazaunai, ƙaya na kama mata riga. A ƙasa ta tarar da tafarnuwar shimfiɗe har bakin ruwa. Akwai wani fure mai kama da ita wanda ke sa amai, don haka kowane ganye sai ta murza ta shinshina, ta duba karan ko mai kusurwa uku ne, kafin ta jefa a bokiti. Ta hau da matsattsaku biyu manne a ƙafa.

Ita ta fara ci, ta kwana ta tashi lafiya. Ta buga wa ma'aikaciyar jinya waya, aka ce a gwada kaɗan. Ranar farko ta yi kuskure, ta yanka masa ɗanya a kan ƙwai. Ta ƙone masa maƙogwaro, ya yi ta tari har da hawaye, ya rantse ba zai ƙara ba. Washegari ta dafa ganyen a man shanu, wuta ƙasa-ƙasa, har ya yi laushi ya saki zafinsa, ta tuƙa shi cikin dankali da madara. Ta ajiye kwanon, ta ja kujera ta zauna ta harɗe hannu.

Ya ci cokali ɗaya. Ya ci na biyu.

"Yaya?"

"Ba daɗi."

"Amma ka ji?"

"Na ji. Na ji ba daɗi."

"Madalla. Ƙara."

Daga ranar kusan kullum tana kwari. Ganyen ya shiga romo, furen ya shiga ƙwai, 'yan ƙwayoyin da ke jikin saiwar ta daka su cikin miyar kabewa. Wata rana bayan an kwana ana ruwa, ƙafarta ta zame, gwiwar ta bugi dutse. Da rarrafe ta hau gangaren, tana tura bokitin a gabanta. Dulcie ce ta gan ta a bakin hanya, taɓo har gira.

"Ke mahaukaciya ce? Kina so in yi jinyar mutum biyu?"

"Riƙe bokitin nan da kyau, kada ki zubar."

Dulcie ta yi faɗa har gida. Da safe kuma ta bayyana da takalmin roba da igiya. Ita ta riƙa sauka, tana mita, Glenys na zaune a sama tana shinshina duk abin da aka miƙo tana watsar da na banza.

Tafarnuwar ba ta kaiwa lokacin zafi, wanda a can yake kamawa wajen Kirsimeti, kafin nan ta bushe. Saboda haka matan biyu suka yi ta tara ta. Suka kwaɓa ganyen da man shanu suka cika firiza, suka jiƙa ƙwayoyin a ruwan khal mai tsami don kada su lalace. Gidan ya ɗauki wari har limamin cocinsu ya riƙa tsayawa daga baranda in ya zo gaisuwa.

Ba a sa wa Athol roba ba. Ɗanɗanon ya dawo masa rabi-rabi, gishiri da tsami da ɗaci, zaƙi kam bai ƙara jinsa ba har ya bar duniya. Ya yi ƙiba kaɗan, ya koma kamun kifi da abokansa, waɗanda suka sa masa doka ya zauna ta inda iska ba za ta kwaso musu numfashinsa ba. Ya ƙara shekara shida, ciwon zuciya ne ya ɗauke shi, a kujerarsa, bayan ya ci abincin rana.

Yanzu an yi wa Glenys sabuwar gwiwa, ta koma sauka kwarin da ƙafarta. Duk wanda ta ji ya dawo daga asibiti ba ya iya cin abinci, sai ya gan ta a ƙofa da tukunya a naɗe cikin tawul. Wasu abin ya yi musu, wasu bai yi ba, ba ta kuma yi wa kowa alkawari. Ta kan dai ja kujera ta zauna, ba ta tashi sai an kai cokali baki.