Waya ta biyu

Shekara goma sha ɗaya na yi ina kula da wutar lantarki a wani asibiti mai zaman kansa a Garwa, ƙasar Kamaru. Ban wuce firamare ba. A hannu na koyi aikin, wuta ta sha yar da ni ƙasa kafin mu saba.

A bayan ɗakin gwajin jini akwai wani ɗan ɗaki mai sanyi inda aka ajiye sarba, na'urar da ke riƙe da bayanan duk marasa lafiya. Waya biyu gare ta, ɗaya a bango, ɗaya a batir, kowace da akwatin wutarta a cikin na'urar. In ɗaya ya mutu, ɗayan ya riƙe. Injiniyar da ta zo daga Duwala ta kafa ta, ita ce ta nuna mini, ta ce, "Baba, ko yanka ka za a yi, kada ka cire ko ɗaya."

Sai aka kawo mana sabon shef, wato shugaban ma'aikata, ƙanen mai asibitin, wai zai rage cin wuta. Ya hana fanka a baranda, ya kwance rabin fitilu. Ran da ya leƙa bayan sarba, ya tsaya.

"Na'ura ɗaya, baki biyu? Cire ɗaya."

"Shef, ba ninki take ci ba. Raba kaya suke yi, kamar mutum biyu da buhu ɗaya."

"A wace makaranta aka koya maka haka, injiniyan fanka?"

Ya zuba mini Faransanci, ma'aikata suna saurare. Ina da gaskiyata, ba ni da Faransancin da zan faɗe ta. Na gwada da Fulatanci, ya yi dariya.

Na cire ta bangon. Jar fitila ta kama a goshin na'urar, ya ce in rufe ta, tana ba shi haushi. Na manna mata baƙin salatif. Sau biyu ina mai da wayar a ɓoye. A na uku ya naɗe ta, ya kulle a durowarsa. Daga nan ya sa a riƙa kashe sanyin ɗakin daga azahar zuwa la'asar, a watan Afrilu, a Garwa. Kullum sai in shiga in ɗora tafin hannu a jikin ƙarfen, in ji zafi, in fito. Iyakar abin da nake iya yi ke nan.

Wata Talata bayan azahar na ji ƙauri. Akwatin da ya rage ya ƙone, komai ya tsaya. Akwai wata mata da ta taso tun daga Tuboro karɓar sakamakon mijinta. Aka ce ta dawo wani makon. Ta zauna a barandar da ba fanka.

Injiniyar ta iso bayan kwana uku. Ta ɓare salatif ɗin da farce, ta ɗaga shi sama.

"Wa ya yi wannan?"

Shef yana ta danna wayarsa ta salula.

"Ni ne," na ce. Hannuna ne ai, ƙarya zan yi?

"Haba, Baba."

Ran Juma'a aka karɓi makullai a hannuna.

Yanzu fanka nake gyarawa a bakin kasuwa, sunan da ya laƙaba mini ya bi ni. Shi yana nan a kujerarsa. An ce sabuwar na'urar waya biyu gare ta, kuma shi ke nuna wa baƙi amfanin ta biyun.