Wanda Ya Taɓa Wayar Mas

A shekarar da tsuntsaye jan-baki suka sauka kan geron Bader Goula, ni aka haɗa da ƙaramin jirgin feshi zuwa Dakoro, garin haihuwata. Ni ne makanikin jirgin. Da aka ce a samo mai gadi, ban tsaya neman kowa ba, na kawo kawuna, ƙanen mahaifiyata, wanda ya riƙe ni bayan rasuwarta. Makiyayi ne, shanunsa na can wajen Tagriss hannun 'ya'yansa.

Injin jirgin yana da wani akwati da muke ce ma ƙwaƙwalwa, shi ke auna mai da iska, yana aiko da bayani kan allon da ke gaban matuƙi. Wata safiya muna sama, ina zaune gefen matuƙin, sai allon ya ɗauke, inji ya yi tari, sannan komai ya dawo kamar ba a yi ba. Nan take muka juyo muka sauka.

Na auna batiri, lafiya lau. Na zare fizibil, wato fis ɗin wuta, ɗaya bayan ɗaya, babu wanda ya ƙone. Na haɗa ordinater, wato kwamfuta, ƙwaƙwalwar ta ce wuta ce ke yanke mata, ta dawo. Irin lalacewar da na tsana ke nan, wadda ke ɓuya in kana kallo.

Matuƙin mutum ne mai zargi, ko direbanmu bai yarda da shi ba. Ya ja ni bayan fiffike ya ce, "Makiyaya ba su son feshin nan, suna cewa yana ɓata musu ciyawa. Mai gadinka me yake kiwo? In na ga hannun mutum a jirgin nan, jandarma zan kira."

Na hasala, na ce kawuna ne fa. Amma maganar ta zauna mini. Na tuna tun zuwanmu Kawu ke tambayata wane gefe nake zama cikin jirgin. Na tuna akwatin kayan aikina a rumfarsa yake kwana, makullin ƙofar jirgi ma yana hannunsa saboda shi ke lulluɓe jirgin da tanti da dare. Da rana ya kawo mini fura, ya ƙi haɗa ido da ni. Ban sha furar ba.

Na kwanta rigingine ƙarƙashin allo, zufa na shiga mini ido, ina bin wayoyi da yatsa ina girgiza kowace. Da na kai kan wayar mas, wadda ke haɗa ƙwaƙwalwa da ƙarfen jikin jirgi, sai ta motsa. Notin da ke riƙe ta ya saki, gefensa duk sabon ƙarci na kile, wato sifana, da bai yi daidai ba. To, hannun mutum ne. Na kwance shi, sai ga zaren fata a matse tsakanin wayar da ƙarfe. Na jawo zaren, wata 'yar laya ta biyo shi daga lungu.

Na san ta. Ita ce mahaifiyata ta rataya mini a wuya ina ƙarami, na cire ta ranar da na shiga lakwal, makarantar boko, saboda yara na mini dariya.

Na same shi a rumfa yana jan carbi. Na buɗe tafin hannuna na ce, "Kawu, ku kuka sa wannan?"

Ya ce, "Ni ne. Kullum kana hawa abin nan, ƙafarka ba ta ƙasa. Na nemi wurin da ba za ta faɗi ba, daidai inda kake zama. Kuma na ɗaure da kyau."

"Kun kusa kashe mu."

Carbin ya tsaya a hannunsa. Raina ya ɓaci ƙwarai, kuma na ji kunyar furar da na bari ƙudaje na bi.

A aikinmu ba a ɓoye dalilin lalacewa, don wani zai hau bayanka. Na kai ma matuƙi layar, na faɗa mishi komai. Ya daɗe yana juya ta. Ya ce ba zai kira jandarma ba, amma tsohon ba zai sake kusantar jirgin ba. Ban yi gardama ba, gaskiyarsa ce.

Na goge wayar, na sa sabon noti, na tada inji ya daɗe yana aiki, allo bai ko ƙifta ba. Kafin la'asar Kawu ya naɗe tabarmarsa, ya ɗauki buta da sanda. Gari ƙarami ne, na san kafin ya kai gida an ji cewa an kore shi daga gadi, kuma ɗan 'yar'uwarsa ne ya kai ƙararsa. Na raka shi har bakin hanya ina jiran ya yi mini faɗa. Bai yi ba. Ya dubi jirgin, ya dube ni, ya ce, "Gobe ma za ku tashi?"

Na ce za mu tashi.

"To layar fa, ka mayar da ita?"

Na nuna mishi aljihun ƙirjina. Ya kai hannu ya taɓa, ya ɓalla mini maɓallin, ya kama hanya.