Dattijon da ke busa ƙaho a Birmingham

A shekarata ta farko ta digiri na biyu a Manchester, abin da nake koyo shi ne jagorancin mawaƙa da makaɗa, wato a tsaya a gabansu da siririyar sanda ana nuna musu inda za su shiga da inda za su sassauta. A Jos na daɗe ina bi da mawaƙan matasa a cocinmu, don haka na zo ina ganin hannuna ya san aikinsa. Hannun kam ba a cika yi masa gyara ba. Matsalar a idona take.

Malamata, wata Baturiya mai ƙarancin magana, ita ta fara lura. Ta nuna mini bidiyon wani atisaye da na yi, ta ce in duba inda nake kallo. Muddin ɗalibai sa'o'ina ne a gabana, ina kallonsu sosai. Amma ranar an gayyato wani malami mai furfura ya riƙe goge, kuma duk lokacin da na juya wajensa sai idona ya sauka kan takalminsa. Ban san ina yi ba. Na yi ƙoƙarin bayyana mata cewa a wajenmu yarinya ba ta zuba wa babba ido, rashin kunya ne. Ta saurare ni har na gama, ina jin ta fahimta, ko da yake ban tabbata ba. Sannan ta ce mai busa da ya daɗe shiru yana jiran wurin shigarsa ba sanda yake jira ba, ido yake jira.

Gwajin ƙarshen zango kuwa a Birmingham aka shirya shi, da wata ƙungiyar masu son kiɗa waɗanda yawancinsu sun yi ritaya. Wanda ya ci zai wuce zuwa shekara ta biyu a fannin jagoranci. Wanda bai ci ba za a mayar da shi ɓangaren nazari da rubutu, ya gama digirinsa ba tare da ya sake tsayawa gaban makaɗa ba. Ni kuwa ba don rubutu na baro gida ba.

Na so in gwada kaina tukuna. Ranar Lahadi, bayan an tashi sujada a cocin da nake zuwa a unguwar Ardwick, na je gaida wani dattijo ɗan Kafanchan da ke zama kusa da ƙofa. Na rusuna kamar kullum, sai na ɗago na riƙe idonsa. Bai ko amsa gaisuwar ba.

"Lafiya, 'yata? Ko miya ce ta zuba mini a gemu?"

Na ce a'a, Baba. Matarsa ta yi dariya ta ce karatun kaɗa hannu ne ya fara taɓa ni. A cikin bas, har na isa unguwarmu Fallowfield, kunya ba ta sake ni ba.

Ranar gwajin na kama jirgin ƙasa na safe. Zauren wata tsohuwar coci ne, da sanyi, da ƙamshin shayi. Makaɗa a gaba, mawaƙa a bayansu a tsaye, kuma duk inda na duba furfura ce. Malamata da wani mai jarrabawa da ban sani ba suna zaune a gefe. An ba ni ɓangare mai tafiya a hankali: mawaƙa su yi ƙasa da murya, ƙaho ya shigo shi kaɗai, sannan mata masu kaurin murya su biyo shi. Mai ƙahon wani tsoho ne mai jan fuska, da na'urar ji a kunnensa. Ya girmi mahaifina nesa.

Farkon ya tafi lafiya, ko kuwa haka nake gani. Da muka zo wurin, na miƙa masa hannun hagu daidai lokaci. Babu abin da ya fito. Mawaƙa suka riƙe muryarsu har numfashi ya ƙare, suka saki ɗaya bayan ɗaya. Na tsayar, na ce mu koma baya kaɗan. A karo na biyu ya shigo, amma a makare, matan suka ruɗe. Ta gefen ido na ga mai jarrabawar ya sunkuya yana rubutu. Lokacin da aka ba ni ba shi da yawa, kuma na riga na ci fiye da rabinsa.

Na juya wajen tsohon na ba shi haƙuri, har na kira shi da ranka ya daɗe irin na Turanci. Zauren ya ɗauki 'yar dariya. Ya sauke ƙahon a cinyarsa.

"Bar ba ni haƙuri, yarinya. Hannun ina ganinsa. Abin da ban sani ba, da ni kike ko da wannan na gefena? Shi kuwa ko matarsa ta daina kiransa."

Na gefen nasa ya ce aƙalla shi kunnuwansa nasa ne, ba na kanti ba. Aka sake dariya. Ni ban iya ba.

Muka sake ɗauka. Tun kafin mu isa wurin na ɗago kai na nemi fuskarsa. Yana kallona, ƙahon a bakinsa. Duk jikina yana gaya mini in sauke ido, wuyana har ciwo yake, kamar na ɗaga wa mahaifina murya a gaban baƙi. Na riƙe. Na ja numfashi, ya ja tare da ni, sautin ya fito a tsaye, mai taushi, daidai inda ya kamata.

Sai dai tsoron kada in sake shi ya sa ban sake shi ba. Ina nan ina kallonsa har wurin shigar matan ya zo ya wuce ban juya musu ba. Wasu suka shiga da kansu, wasu suka jira ni, abin ya fito a yage. Na yi tunanin tsayarwa, amma na san in na tsayar babu sauran lokacin kaiwa ƙarshe. Na juya musu, na buɗe hannu sosai har suka haɗu, muka kai ƙarshe a haka. Har yau ban sani ba ko hakan ne daidai.

Ba a faɗi sakamako a ranar ba. Sai a mako na gaba malamata ta kira ni ofishinta. Ta ce sun yi gardama a kaina, mai jarrabawar yana ganin ban shirya ba. Abin da suka tsayar shi ne in riƙa zuwa Birmingham duk Talata ina atisaye da tsofaffin nan, sannan a sake gwada ni kafin dogon hutu. Ta ce ƙungiyar ta yarda, ko da yake matan sun roƙa a gaya mini su ma suna nan.

Na tambaye ta ko hakan na nufin na ci. Ta ce yana nufin ban faɗi ba tukuna, ta miƙo mini takardun kiɗan da za a yi a Talatar farko. A tsaye na buɗe su, ina neman wuraren da ƙaho yake shiga. Suna da yawa.