Kujerar Abokin Gaba

Wata ranar Talata, a ajin safe, wani ɗalibi da ke zaune a layin baya ya ɗaga wayarsa ya ɗauki bidiyon malaminsa yana koyarwa. Kafin la'asar malamin ya zama maci amanar ƙasa. Kafin zangon karatu ya ƙare an yi masa ritaya.

Ɗalibai suna kiransa Mai Kujera. Ya fi shekara talatin yana koyar da hulɗar ƙasa da ƙasa da nazarin manufofin ƙetare a sashen kimiyyar siyasa. Ba ka taɓa ganinsa a talabijin ba, kuma ba shi da littafi mai hotonsa a bango. Kullum yakan riga masu shara isowa, ya buɗe ofishinsa mai taga ɗaya, ya ɗauki alli biyu ya sa a aljihu. Sannan ya jawo wata tsohuwar kujerar ƙarfe, ya bi baranda da ita tana ƙara har aji. Ƙafarta ɗaya ta gaza sauran tsawo, sai ya ninke kwali ya tokare ta. Yakan ajiye ta gaban allo tana fuskantar ɗalibai, ya bar ta haka babu kowa a kai har rabin zango.

A wannan rabin yake koyar da abin da ke cikin littattafai, kuma ba ya jan magana.

"Akwai masu cewa duniya ba ta da ɗan sanda, don haka kowace ƙasa ta riƙe sandarta da kyau. Akwai masu cewa in ciniki da yarjejeniya suka yi yawa, faɗa sai ya yi tsada har a fasa. Akwai masu cewa ƙasa tana bin labarin da take ba kanta ne game da kanta. Ku riƙe su, za su fito a jarrabawa. Amma duk tabarau ne. Wanda bai taɓa kallon abokin gabarsa ba, ko wanne ya sa, kansa zai gani."

Wani lokacin kuma ya ce: "Kada in ƙara jin wani ya rubuta mini 'ƙasa kaza tana so'. Ƙasa ba ta da baki. Mutum ne ke magana, kuma mutumin yana da zaɓe a gabansa, da janar da ba ya gaishe shi, da minista mai harin kujerarsa. Ku nemo mini mutumin."

In rabin zango ya wuce sai a zo kan kujera. Dokarta ɗaya ce: duk wanda ya zauna, ya zama gwamnatin da muke rikici da ita. Zai ce "mu", ba "su" ba. Ba murmushi, ba ƙifta ido, ba "a ganinsu". Zai kawo hujjarsu mafi ƙarfi, ba wadda ta fi sauƙin rushewa ba. Mako na gaba kuma aji ya ba shi amsa. Kowace shekara Malam ne ke fara zama.

A shekarar nan rikicinmu da maƙwabtanmu na saman kogi ne. Suna gina madatsar ruwa, manomanmu suna kallon kogi yana ja da baya, an rufe iyaka, kowa ransa a ɓace. Malam ya zauna, ya gyara kwalinsa, ya ce:

"Ruwan nan a duwatsunmu yake sauka. Yarjejeniyar da kuke ɗaga mana an sa mata hannu ne lokacin da ba mu da murya a teburin. 'Ya'yanmu suna karatu da fitilar kwai, ku kuna ban ruwan rake. Za mu gina, kuma ba za mu nemi izininku ba."

Iyakar abin da wayar ta ɗauka ke nan. Aka rubuta a ƙasa: ku ji abin da ake koya wa 'ya'yanku.

Ban ga laifin yaron sosai ba, yaro ne, yana neman a san da shi. Manyan nake kallo. Masu sharhi da ba su taɓa karanta yarjejeniyar ba, ko shafinta na farko, suka kwana uku suna tambayar nawa aka biya shi. Abokan aikinsa, masu digiri a kan wannan fannin, waɗanda suka san sarai mene ne kujerar, kowa ya tuna yana da taro a wani gari. Ɗaya daga cikinsu ya rubuta doguwar maƙala a kan kishin ƙasa a cikin aji. Na karanta ta. Ban taɓa ganin tsoro sanye da manazarta masu yawa haka ba.

Shugaban tsangaya ya kira shi ofis. Tsohon ɗalibinsa ne, shi ma ya taɓa zama a kujerar, har ya sami maki mafi yawa a shekararsu. Ya tashi ya ba Malam wuri, ya sa aka kawo ruwa mai sanyi.

"Malam, ranka ya daɗe, layi biyu kawai. Ka ce wasan kwaikwayo ne, ba ka yarda da ko kalma ɗaya ba. Shi ke nan, ƙura ta lafa."

"Ai na yarda da wasu."

"Haba Malam."

"Maganar fitilar gaskiya ce. Maganar teburin ma akwai ƙamshin gaskiya. Amsa ake nema musu, ɗana, ba musu ba. Ka bar ni in shiga Talata mai zuwa, ka zo da kyamararka ma in kana so."

"An dakatar da ajin, Malam. Daga sama ne."

"Wane ne sama? Ashe ban koya maka ba? Sama ba ta da baki. Nemo mini mutumin."

Shugaban ya sunkuyar da kai yana juya biro. Bai nemo shi ba.

A gida ma ba a bar shi ya huta ba, kuma ban ga laifin matarsa ba. Ita ce ke zuwa kasuwa. Ita ce mai kayan miya ta daina yi wa gyara, ita ce maƙwabta ke ja wa 'ya'yansu in ta wuce. Ina zaune a falonsu ranar da ta ajiye masa shayi da ƙarfi har ya fantsama.

"Malam, ka faɗa musu abin da suke so mana, mu samu mu sha iska. Ni na fi kowa shan wahalar kujerar nan. Tun muna yara, in muka yi faɗa sai ka zauna ka faɗi hujjata fiye da yadda ni zan faɗe ta, in rasa ta cewa, haushi ya ƙara kama ni."

"To, in faɗi taki ta yau?"

"Kada ka soma."

"Kin gaji. Ba ke kika zaɓi faɗan nan ba, amma ke ake harara. Kuma kina tsoron in mutu da sunan nan a kaina, jikokinki su gada."

Ta dube shi. Sannan ta ɗauki tsumma ta goge shayin.

"Ka gani ko? Sha shayinka. Kuma in ka je ka ba su haƙuri bayan wannan, kada ka dawo mini gida."

A makon ne wani hafsan soja ya zo gidan cikin kakinsa, da rana tsaka, ya ajiye mota a bakin ƙofa inda duk unguwa za ta gani. Shi ya ba mu labarinsa da bakinsa. Shekarun baya an turo shi kwas a ajin Malam, ba a daɗe da kashe ƙanensa a iyaka ba. Da layi ya zo kansa ya ƙi zama.

"Na ce masa, Malam, ni in zauna in ce 'mu'? Su suka kashe mini ƙane. Ya ce, to tsaya a tsaye, amma gaya mini, wanda ya ba da umarnin harbin me yake tsoro a ranar? Na ce ban damu ba. Ya ce, ranar da aka ba ka yaran mutane ka tsaya gabansa, za ka damu. Sai ƙarshen zango na zauna. Wallahi kamar garwashi."

Daga baya aka ba shi tsaron wata gada. Wata safiya motocin sojan ƙetare suka doso ta a jere, yaransa suka ɗana bindigogi, suna jiran kalma ɗaya daga bakinsa.

"Sai na ji ni a kujerar nan. Na ce, in ni ne shi, sabon kwamanda, an turo ni jiya, manya suna kallona, me nake so? Yaƙi ko hoto? Wanda ke son yaƙi ba ya zuwa a jere da tuta. Na ce kowa ya sauke hannu. Suka zo bakin gada, suka ɗauki hotonsu, suka juya. Yaran nan duk suna raye, Malam. Wasu har sun yi aure."

Wannan labarin ba wanda ya ɗauke shi a waya.

Ni ma ina da dalilina na fushi, ba zan ɓoye ba. Marigayiya matata 'yar saman kogin ce. Da ta rasu iyaka a rufe take, 'yan'uwanta a waya suka ji an binne ta. Masu ta'aziyya suka yi ta ce mini, "Ita ai daban ce, ba kamar su ba," suna ganin yabo ne. Mutum ɗaya ne bai faɗi haka ba. Ya zauna kusa da ni ya ce, "Me ta fi kewa daga gida?"

Kai ne wannan mutumin, Malam. Kai ne ka yi shekara talatin kana jan kujera a baranda don kada 'ya'yanmu su je teburin sulhu da kunne a toshe. Kai ne ka san cewa wanda bai iya faɗin hujjar abokin gabarsa ba, bai san tasa ba, ihu kawai ya iya. Mai jan kujera, mai zama inda kowa ke gudu. An ce ka sayar da ƙasa, alhali motarka sai an tura take tashi.

Bayan wata biyu wakilanmu suka je tattaunawa a kan madatsar. Suka dawo suna shaida wa 'yan jarida cewa ɗaya ɓangaren ya zo da maganganun da ba a zata ba: duwatsu, da tsohuwar yarjejeniya, da fitilar yara. Ba a zata ba! Ƙasa gaba ɗaya ta kalli maganganun nan a waya, ta tura wa juna, ta tsine wa mai faɗa, amma ba a sami mutum ɗaya da ya zauna ya shirya musu amsa ba.

An yi masa walimar sallama a wani ƙaramin ɗakin taro. Kujerar ba ta nan, an kai ta sito, an ce kayan jami'a ce. Shugaban tsangaya ya yi dogon jawabi a kan sadaukarwa, bai ambaci abin da ya faru ba. Aka ba Malam agogon bango, mutumin da aka hana shi awa biyu na darasi. Da aka miƙa masa makirufo ya miƙe, ya dubi ɗaliban da suka cika bayan ɗakin, ya ce:

"Akwai rabin darasi da nake bin ku, ko kuke bi na. A ranar Talatar da ta biyo—"

"Yallabai, a gafarce mu," in ji mai gabatarwa, "babban baƙo zai kama hanya." Ya zare makirufon daga hannunsa da ladabi, aka yi tafi, aka raba lemo.

Malam ya rungumi agogonsa ya zauna.

Mun gode, Malam. Na gode a madadin yaran gadar, da iyayensu da ba su san sunanka ba, da matata wadda ba ta nan. Ku kuma da kuka taɓa zama a kujerar nan, kuna da yawa, kuna ma'aikatu da barikoki da ofisoshin jakadanci, ba na roƙonku ku yi masa wata walima. Kujera ba ta da tsada. Kowa ya nemi ɗaya, ya ajiye ta inda yake aiki, ya fara zama da kansa.

Malam yana nan da ransa. Har yanzu yana riga masu shara tashi, sai dai ba shi da inda zai je. Waɗanda suka yi karatu a hannunsa sun san abin da yake yi a Talata ta biyu, wadda aka hana shi a bana. Ba ya zama. Yakan tsaya a bayan kujerar, ya dafa ta da hannu biyu, ya bi aji da kallo ɗaya bayan ɗaya, sannan ya ce:

"Kun ji shi, kuma ba duka ya yi muku ƙarya ba. Ni ɗan ƙasar nan ne, ruwan nan nake sha. Wa zai tashi ya ba shi amsa?"